Izinin Shiga Daban, Izinin Aiki Daban



Mu mutanen Karaye ta ƙaramar hukumar Maiyama, da maƙwabtanmu na Jega da Aliero, mun tashi mun tarar ƙetare iyaka ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Da wuya ka zagaya unguwa guda ba ka sami gidan da ke da ɗa ko ƙane a Gaya, ko Malanbil, ko Kumasi ba. Haka kuma da an kawar da amfanin damina an shiga aikin fadama, za ka ga samari sun gangaro daga wajejen Dogon Dutsi da Dosso, wasu su kama dashen albasa, wasu ban-ruwa, wasu ga-ruwa ko dako a kasuwar Jega. In ka tambayi namu da ke can ko nasu da ke nan wa ya ba su izinin yin aiki a ƙasar da ba tasu ba, amsar guda ce: "Ai ECOWAS ce."

Amsar tana da gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Yarjejeniyar da ta bar mutum ya shiga ƙasa ba biza, ita ce kuma ta ce in zai zauna ya nemi abinci sai ya mallaki wata takarda ta daban. Yawancinmu mun san ta farkon, kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganin ta biyun da idonsu. Wannan giɓi ba ya nuna kansa muddin gwamnatoci na zaman lafiya da juna. Ranar da suka ɓata kuwa, talakan da ya tafi neman na tuwo shi ne farkon wanda ke faɗawa ciki. Abin ya faru ba sau ɗaya ba, kuma yau da Nijar ta fita daga ECOWAS ya kamata mu sake duba shi da idon basira.

Tun kafin a san fasfo kakanninmu ke aiki a ƙasar wasu. A ƙarni na 19 Jega babbar mahaɗa ce ta fataken da ke bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su komo da goro daga Salaga. Baƙon da ya sauka a gari fatoma yake nema. Fatoma ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, in rigima ta tashi ya tsaya masa a gaban sarki. Wato izinin aikin wancan zamani mutum ne mai suna da mutunci a garin. A kan wannan tsari zangunan Hausawa na Kumasi da Akra da Sabo ta Ibadan suka ginu. Daga baya Ingila da Faransa suka yi ta zama, tsakanin 1890 da 1906, har suka ja layin da ya ratsa ƙasar Arewa da ta Dandi, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasashe biyu. Mutumin Kamba bai daina ganin na Gaya ɗan'uwansa ba, mu ma ba mu daina dogara da mai masauki ba. Abin da ya canja shi ne an sami hukuma a kowane gefe, wadda ba ruwanta da maganar fatoma, takarda take tambaya.

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, da niyyar a buɗe kasuwa tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma. Shugabannin sun gane kaya ba sa tafiya da kansu, don haka ranar 29 ga Mayu, 1979 suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar mutane, suka raba ta hawa uku. Hawa na farko shi ne shiga: ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zai shiga wata ba biza, ya yi kwana 90, muddin yana da takardar tafiya sahihiya da katin allurar rigakafi. Hawa na biyu, wanda aka amince da shi a 1986, shi ne zama: mutum yana da haƙƙin ya zauna ya nemi aiki ya yi a biya shi, amma sai ya je wurin hukumar ƙasar ya karɓi katin zama. An cire aikin gwamnati daga ciki, sai in dokar ƙasar ta yarda. Hawa na uku, na 1990, shi ne kafa sana'a: ya buɗe shago ko kamfani bisa sharuɗɗan da ƙasar ta gindaya wa 'ya'yanta. A cikin yarjejeniyar 1979 ɗin kuma an bar wa kowace ƙasa ikon ta hana duk wanda dokarta ta ce ba a so ya shigo.

Mu lura da inda kwana 90 suka tsaya. Ɗan cin ranin da ya zo bayan girbi ya koma da saukar ruwan fari ya yi wata biyar ko shida. Wanda ya buɗe teburin shayi ya yi shekaru. Duk sun wuce hawa na farko sun shiga na biyu ba tare da sun sani ba, kuma a idon doka katin zama ne kaɗai shaidar cewa zamansu halal ne.

In muka kwatanta da abin da ake nema a hannun baƙon da ba ɗan ECOWAS ba, za mu ga girman rangwamen. Kamfanin da ke son kawo injiniya daga Sin ko Indiya zuwa Nijeriya sai ya fara samun gurbin ɗaukar baƙi daga ma'aikatar harkokin cikin gida, sannan ma'aikacin ya karɓi katin zama da aiki da ake kira CERPAC a hukumar shige da fice, wanda a 2019 kuɗinsa ya kai dala 2,000 a shekara. A watan Fabrairun 2024 ma gwamnati ta ƙaddamar da wani haraji na dala 10,000 zuwa 15,000 a kan kowane ma'aikaci baƙo, kafin ta dakatar da shi a wata mai bi saboda kukan 'yan kasuwa. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bin wannan doguwar hanya, katin zama na ECOWAS kawai zai nema. Ƙofa ce a buɗe, mai sauƙi, amma mafi yawan waɗanda aka buɗe ta dominsu ba su bi ta cikinta ba.

Ko a manyan ƙasashen duniya ba kasafai yarjejeniyar ciniki ke kai wa nan ba. Wadda Amurka da Kanada da Meziko suka fara aiki da ita a 1994, suka sabunta a 2020, ta ba da izinin aiki ne ga jerin sana'o'i sittin da 'yan kai: injiniya, akanta, ma'aikacin jinya, likitan dabbobi da makamantansu, kusan duka masu buƙatar digiri. Leburan gona ba ya cikin jerin, ta wata hanya daban yake bi. Da irin wannan aka yi mana, babu mai dashen albasa ko ɗan dako ko mai gyaran injin ban-ruwa da zai tsallaka. Tamu ba ta tambayi digiri ba, kuma wannan abin yabo ne ga waɗanda suka rubuta ta.

Amma ko da katin zama a hannu, akwai sana'o'in da ke da ƙofa ta biyu. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗori, waɗanda suka bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna gyara karaya da targaɗe. Mai ɗori a gida ya gaji aikinsa, shaidarsa ita ce mutanen da suka miƙe da ƙafafunsu. Sai dai kowace ƙasa tana da hukumar da ke sa ido a kan abin da ya shafi lafiyar jama'a. A Gana, alal misali, tun 2000 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa masu maganin gargajiya rajista. Mai ɗorin da ya shekara goma yana aiki lafiya, ranar da aka sami ɗori guda da ya ƙi, dangin majinyaci suka kai ƙara, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina takardarsa. Ba za a fara da tambayar mutum nawa ya warkar ba.

Tarihi ya nuna mana yadda ranar tambayar takarda take zuwa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya samu ko ya fita. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da Yarabawa da Hausawa da Zabarmawan da aka haifi wasunsu a can. Gidaje da gonakin koko da rumfunan kasuwa aka sayar a wulaƙance, wasu ma aka bar su haka nan. A lokacin ba a kafa ECOWAS ba, wani zai ce shi ya sa.

To, ga wanda ya faru bayan an kafa ta, kuma mu ne muka yi. Ranar 17 ga Janairu, 1983, farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi ƙaranci, zaɓe ya ƙarato, sai ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Nijeriya. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 ne suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da wasu ƙasashe. Daga nan ne jakar nan mai zane ta samo sunan Ghana Must Go. Abin lura shi ne gwamnati ta tsaya a kan cewa ba ta karya yarjejeniyar ECOWAS ba, domin hawa na farko kaɗai ke aiki a lokacin, kuma waɗanda aka kora sun wuce kwana 90. A 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, a 1985 aka sake korar baƙi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Dattawanmu da suka ga wannan zamani suna nan da ransu, kuma cikin waɗanda aka kora akwai mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya da su.

Hawa na uku ma bai tsira ba. A 2013 Gana ta yi dokar zuba jari da ta keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai ciniki a cikin kasuwa da talla da kasa kaya a rumfa da aski. Dokar ta 2013 ta ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. A 2019 da 2020 aka yi ta garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra da sunan wannan doka. 'Yan kasuwarmu suka ce yarjejeniyar ECOWAS ta ba su haƙƙi, 'yan kasuwar Gana suka ce dokar ƙasarsu ce gaba. Sai da kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya je Akra a watan Satumbar 2020 neman sulhu. Cikin hujjojin da mutanen Gana suka riƙa kafawa akwai cewa Nijeriya ce ta fara, da ta rufe iyakokinta.

Wannan rufewa tana da nata abin mamaki. Ranar 7 ga Yuli, 2019, a Yamai, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka baki ɗaya, wadda aka fara sa wa hannu a Kigali a watan Maris na 2018. Ba a cika wata biyu ba, a watan Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba a fara buɗewa ba sai 16 ga Disamba, 2020. Mu a Kabi mun ga fuska biyu ta abin. Manomin shinkafa ya ji daɗin farashi, mai albasa da ke bi ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba kuwa ya rasa hanya, albasa kuma ba ta jiran gwamnati ta huce. Yarjejeniyar Afirkan kanta a kan kaya da harkokin hidima ta fi ƙarfi. Batun mutum ya zauna ya yi aiki an ware shi a wata yarjejeniyar daban ta Tarayyar Afirka, ita ma ta 2018, wadda ke buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Shekaru suka shuɗe ƙasashe 4 ne kawai suka yi: Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome. Gwamnatoci sun fi saurin yarda buhu ya tsallaka a kan mai ɗaukar buhun.

Sai kuma abin da muke ciki yanzu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. Kafin nan, ranar 28 ga Janairu, 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. ECOWAS ta ce 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga da zama da kafa sana'a ba biza har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Ƙawancen ƙasashen uku, AES, shi ma ya ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama, amma bisa dokokin kowace ƙasa. A watan Janairun 2025 ɗin Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri a kan shiga da zaman baƙi, a watan Maris kuma ƙasashen uku suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu daga waje.

Ma'anar wannan ga ɗan Dogon Dutsin da ke ban-ruwa a fadamarmu, da ɗan Aliero da ke ɗori a Dosso, ita ce abin da a da yake haƙƙi a rubuce cikin yarjejeniya yanzu ya koma alfarma a cikin sanarwa. Sanarwa kuwa wata sanarwar ke soke ta, cikin dare ɗaya. Iyakar da ta fi kusa da mu, wadda muka fi auratayya da cinikayya ta cikinta, ita ce yau ta fi kowace rashin tabbas.

Ba don wauta mutanenmu ke zama ba takarda ba, ya kamata a yi musu adalci. Ofishin da ke ba da ita yana babban birni, mai nema kuma yana ƙauye, kuma kowace rana da ya tafi bin layi ranar aikinsa ce ta tafi. Kafin a ba ka wata takardar sai ka kawo wata, da yawa kuma ba su da ko ta haihuwa. Akwai tsoron cewa wanda ya kai kansa gaban hukuma ya tona wa kansa asiri. Sannan duk wanda ya taɓa bin motar albasa ya san a shingayen hanya sau da yawa mai takarda da maras ita kuɗi ɗaya suke miƙawa. Mutum ya ga haka sau goma, dole ya ce to mene ne amfaninta.

Amfaninta ba a shingen hanya yake bayyana ba. Yana bayyana ranar da mai gona ya ce ba zai biya kuɗin jinga ba, ɗan ƙwadago ya rasa inda zai kai ƙara domin yana tsoron a tambaye shi yadda ya shigo. Yana bayyana ranar da aka zo rufe shago, ko ranar da mutum ya rasu a baƙon wuri magada suka zo neman abin da ya bari. Yana bayyana ranar da rediyo ya ce an ba baƙi mako biyu. A 1969 da 1983 layin da aka ja tsakanin mai zama da mai tafiya shi ne wannan kati. Mai masauki na iya ɓoye ka kwana biyu, amma ba zai iya tsaya maka gaban dokar ƙasa ba kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa gaban sarki.

Akwai kuma ƙorafin da ake yi a majalisunmu, wanda bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Samarinmu na cewa baƙi suna karya farashin ƙwadago, aikin da ɗan gari zai ƙi a wani kuɗi baƙo zai karɓa. Wasu kuma, saboda halin tsaron da ake ciki a garuruwan bakin iyaka, sun fara kallon duk baƙuwar fuska da zargi. Duka biyun damuwa ce ta gaske. Amma in muka bi ta a hankali za mu ga rashin takardar ne ke ƙara mata ƙarfi. Baƙon da ba shi da madafa shi ne ke karɓar ko nawa aka ba shi, domin ba shi da bakin musu. Wanda ke da katinsa zai iya cewa bai yarda ba, kuma ranar da ya iya faɗin haka ɗan gari ma ya huta da karyewar farashi. Ta fuskar tsaro kuma, mutumin da aka san sunansa da garinsu da wanda ya sauke shi ya fi kwantar da hankali a kan wanda kowa ke gani amma ba a rubuta shi ko'ina ba. Korar baƙi ba ta taɓa cika aljihun ɗan gari ba. Bayan 1983 tattalin arzikin Nijeriya bai farfaɗo don an kore su ba, sai ma ƙara tsananta da ya yi a shekarun da suka biyo.

Kuma duk abin da muka yi wa nasu, namu na can suna jiran sakamakonsa. Gana ta kori namu a 1969, muka kori nata a 1983. Muka rufe iyaka a 2019, aka rufe shagunan 'yan'uwanmu a Kumasi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yankin da ke aika 'ya'yansa waje kamar namu ba shi da ribar da zai ci a wulaƙanta baƙo.

Abin da ke hannunmu ba shi da yawa, amma yana da amfani. Wanda zai tafi ya mallaki katin ɗan ƙasa da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, ya shiga ta ƙofar da za a buga masa hatimi, domin daga ranar hatimin ake fara ƙirga kwana 90. In ya san zai wuce haka, ya nemi katin zama tun kwanakin ba su ƙare ba, ya kuma kai kansa ga sarkin zango ko ƙungiyar 'yan ƙasarsa a garin. Mai sana'ar da ke da hukuma, kamar ɗori, ya tambaya ko akwai rajistar da ake yi. Wanda zai tafi Nijar a yanzu ya binciki abin da ake nema a bakin iyaka a makon da zai tashi, kada ya dogara da labarin bara. Mu kuma da muke saukar da 'yan cin rani, mu sanar da mai unguwa ko hakimi, mu yi jinga a gaban shaidu, mu biya a kan lokaci. Ƙungiyoyin manoma da dillalan albasa, da sarakunanmu, suna da bakin da za su nemi a riƙa kawo aikin rajista kusa da jama'a a lokacin rani, maimakon a jira talaka ya bi ta zuwa birni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da muke koyon rubutu kuma akwai namu kason. Labaranmu sun cika da attajiran da ke hawa jirgi zuwa Dubai, alhali a bayan gidanmu akwai tsohon da ya baro Kumasi a 1969 da tabarma da buta, akwai tsohuwar da aka raba ta da maƙwabciyarta a 1983, akwai direban da ya kwana makonni a Kamba yana jin warin albasarsa tana ruɓewa. Waɗannan mutane suna tsufa, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Mu je mu zauna da su, mu tambaye su wace takarda aka nema a hannunsu, wa ya taimake su, me suka baro. In za mu rubuta, mu tabbatar da shekara da sunan gari, mu bambance biza da katin zama, domin mai karatunmu na iya zama yaron da ke shirin tafiya bana, kuma abin da ya karanta a wurinmu shi zai riƙe a matsayin gaskiya. Yarjejeniyoyin nan da Turanci da Faransanci aka rubuta su, mutanen da suka fi shafa kuwa da Hausa da Zabarmanci suke magana. In ba mu muka kawo musu su cikin harshensu ba, ba mu ga wanda zai yi ba.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba mu ikon riƙe baƙinmu da amana. Sai mun ji daga gare ku, musamman waɗanda ke zaune a Nijar da Benin da Gana, ku faɗa mana abin da ake nema a hannunku a yau.